Hoton Baba Bayan Isha'i

Zuwa ga Yaya Mamman,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina lafiyarka, ina zaman Abijan? Yaya Hadiza da yara? Mu nan unguwar Bukoki lafiya lau, dawar da soja ke rabawa tana riƙe da mu.

Ga hoton Baba da ka roƙa. Tun lokacin da fari ya kashe masa shanu ya dawo wurina, ya ƙi tsayawa gaban kamara, wai kada ka ga ramarsa. Ranar Juma'a bayan isha'i ya yarda. Na san in filashi, wato fitilar kamara, ya buge shi kai tsaye, kowane ƙashi zai fito. Sai na cire filashin daga kan kamara, na sa masa doguwar waya, mai ɗakina Rabi ta riƙe shi a gefe, ta auna farin zanen da muka shanya. Hasken ya dawo fuskarsa da laushi.

Da na wanke hoton, ya daɗe yana kallo, ya ce, "To, wannan kana iya aika wa Mamman."

Yanzu yana cin abinci, har faɗa yake yi. Amma kumatun nan da ka gani a hoton aikina ne, kada ka ce na faɗa maka. Ka gaida Kawu Isa. Ku taya mu addu'a damina ta cika wa Baba kumatun nan da gaske.

Ƙaninka,
Sani