Na Kori Dillali, Surukina Ya Taya Gidan

Malama,

Don Allah ki taimaka mini da shawara kafin ranar Asabar, domin na jefa kaina cikin wani hali da ko amini ba na iya gaya wa, don na san dariya zai yi mini. Ke ma na san za ki yi, amma ke ba ki san fuskata ba.

Ni ma'aikacin ɗakin gwajin jini ne a wani asibiti. An yi mini canjin wurin aiki zuwa wani gari mai nisa, ba irin nisan da mutum zai riƙa dawowa duk ƙarshen mako ba. Ni da matata muka zauna muka yanke shawarar sayar da gidan da muke ciki, mu sayi wani a can ko da bai kai wannan ba, saboda yaranmu uku, kuma ba na son in koma haya bayan Allah ya fitar da ni daga cikinta. Gidan nan da guminmu muka gina shi. Ɗaki uku ne da falo, kicin a ciki, ga rijiya a tsakar gida da ba ta ƙafewa. Tayil ɗin ma da kuɗin ɗinkin matata muka sa shi, ɗaki bayan ɗaki.

Da farko na kira wani dillali. Ya zo yana cin gyaɗa yana zubar da ɓawon a falona, ya ƙwanƙwasa bango, ya taɓe baki, ya ce tayil ya tsufa, unguwar ma ta fara mutuwa. Sannan ya faɗi la'adarsa, wadda zai karɓa a wurina ya kuma karɓa a wurin mai saye. Na ce a raina, ni da na yi karatu, ga waya a hannuna, me wannan zai yi mini da ba zan iya yi wa kaina ba? Na sallame shi, na ɗauki hotuna masu kyau, na sa talla.

Malama, na ga mutane. Akwai wanda ya zagaya gidan kaf, ya sha ruwa mai sanyi, sannan ya roƙe ni kuɗin mota. Akwai maƙwabciyarmu da ta zo sau da yawa, kullum da sabuwar 'yar'uwa mai neman gida, ashe kicin ɗin matata take son gani. Wani har durowar kayanmu ya buɗe, wai yana duba gara. Duk na haƙura. A ƙarshe Allah ya kawo wata mata mai shagon magani. Ta zo da ƙaninta magini, suka hau suka duba silin, suka leƙa rijiya, ta yi tayi mai kyau, kusa da abin da na sa, kuma kuɗi hannu. Maimakon in sallama, sai na ce ta ba ni 'yan kwanaki in yi tunani, saboda na karanta cewa bai kamata mai sayarwa ya nuna zumuɗi ba.

A cikin kwanakin tunanin ne muka je gaida surukina, mahaifin matata, tsohon shugaban makaranta ne da ya yi ritaya. Hira ta yi daɗi, sai na saki baki. Na ba da labarin yadda na kori dillali, har na ce tunda babu mai cin la'ada, duk wanda ya zo saye zan iya yi masa sauƙi. Baba ya dai gyaɗa kai.

Ba a jima ba sai ga shi a gidana tare da autansa, ƙanin matata, wanda ke shirin aure. Na ɗauka ziyara ce. Ya bi ɗakuna yana buga bango da sandarsa, sannan ya zauna a kujerata ni kuma na zauna a ƙasa. Ya ce gida irin wannan bai kamata ya fita daga dangi ba, ga yaro yana neman inda zai sa amarya, kuma tunda babu bare a tsakani sai mu yi ta gida. Ya faɗi farashi. Malama, kuɗin da ya faɗa da ƙyar zai biya fili da katanga. Ya ƙara da cewa biyan zai zo a hankali, yadda fansho ya samu.

Ba zan ce bai fahimce ni ba. Ya fahimce ni sarai. Na sunkuyar da kai na ce, "To, Baba." Har na yi masa godiya. Wallahi ban san godiyar me na yi ba.

Tun daga ranar auta ya karɓi makullin da muke ajiyewa a bayan ƙofa. Yana shigowa da abin awo yana auna taga, amaryarsa ta zaɓi kalar fenti, kuma duk inda muka haɗu sai ya ce, "Tsohon mai gida, yaushe ne tafiyar?" Mai shagon magani tana ta kira ina kallon wayar har ta katse. Matata ta ce ita ba ta shiga tsakanina da Baba, amma ta daina ɗaure kaya a kwali, kuma tukwane sun fara faɗuwa da ƙarfi a kicin. Baba ya nemi in kawo takardun gida, na ce suna wurin aiki. Ya ce to, ranar Asabar zai zo ya karɓa.

Mutumin nan bai taɓa yi mini komai ba sai alheri. Ya ba ni 'yarsa lokacin da ko katifar kirki ba ni da ita. Da mahaifiyata ta kwanta jinya, ya fi wasu 'yan'uwana zuwa dubiya. Amma idan na sallama a haka, haya za mu kama a can, kuma ban san ranar fita ba. Na yi tunanin in dawo da dillalin nan mu haɗa baki ya ce ya riga ya sayar. Na kuma yi tunanin in ce takardun suna jingine a banki. Wanne ya fi? Ko in rufe ido in bar masa kawai?

Naki,
Mai Godiya Ba Dalili

Mai Godiya,

Ina taya ka murna. Ka hana dillali cin la'ada, ka ɗauki rabin gida ka bayar kyauta, ka kuma ce na gode. Ba kowa ke samun irin wannan riba a cinikin farko ba.

Kafin ka ce na koma bayan masu zubar da ɓawon gyaɗa, bari in faɗi gaskiya: ba ka yi kuskure ba da ka ce za ka sayar da gidanka da kanka. Mutane da yawa suna yi, kuma suna gamawa lafiya. Dillalin da ya ce unguwarku ta mutu, da ka bar masa gidan, da washegari ya gaya wa mai saye cewa babu unguwar da ke tashe kamarta. Kai ma ka nuna za ka iya: ka yi talla, ka jure wa 'yan kallo, ka samo mai saye ta gaske. Abin da ka manta shi ne aikin dillali biyu ne. Na farko nemo mai saye, wannan wayarka ta yi maka. Na biyu rashin kunya. Ana biyansa ne don ya kalli dattijo cikin ido ya ce albarka, a zage shi, ya kwana lafiya. Ranar da ka sallame shi, wannan aikin ma ya dawo kanka, kuma shi ne ba ka yi ba.

Game da Baba, kar ka mayar da shi azzalumi a zuciyarka don ka ji sauƙi. Abin da duk mai saye ke yi ya yi, wato tayi. Kai ne ka je har falonsa ka yi shelar rangwame. Kuma wanda ya yi tayi yana jiran a ce masa bai yi ba. Ba mamaki shi kansa ya koma gida yana mamakin yadda aka gama da wuri. Wataƙila farashin gidaje a kansa yana nan tun zamanin da ya gina nasa. Wataƙila kuma ya san farashin yau fiye da kai, ya dai ga ƙofa a buɗe ya shiga. Ba sai ka gano wanne ba ne, domin maganin ɗaya ne.

Dabarunka biyu kuwa, ka ajiye su. Auta zai gano dillalin nan kafin la'asar, kuma mutumin da ka kora ba shi da dalilin rufa maka asiri, sai dai idan ka saya, ka ga ka dawo biyan la'ada ba tare da an sayar maka da komai ba. Ƙaryar banki kuma za ta rayu ne zuwa lokacin da Baba zai ɗauki sandarsa ya ce ku je ya ga manaja. Tsohon shugaban makaranta ne fa. Rayuwarsa duka ya yi ta yana sauraron yaran da littafinsu ya ɓace a hanya.

Yanzu ga abin yi. Yau, ba gobe ba, ka ɗaga wayar mai shagon magani. Ka ce mata maganar dangi ce ta gitta, ka roƙi ta ba ka zuwa farkon mako, ta kuma turo maka tayinta a rubuce. Mai kuɗi hannu ba ta daɗewa tana kiran wayar da ba a ɗauka, kuma ba gidanka kaɗai ke da rijiya ba. Ka nemo mai kimanta gidaje, ka biya shi ɗan abin da yake karɓa, ya faɗi darajar gidan. Ba don ba ka sani ba, sai don ya kasance akwai bakin bare a maganar, tunda naka yana rufewa a gaban manya.

Sannan ka shiga kicin. Matar da ta ce ba ta shiga, amma tukwanenta suna magana, ta shiga tuntuni. Jira take ta ga ko mijinta zai buɗe baki, ko ita zai bari ta zama 'yar da ta hana ƙaninta gida. Na lura a wasiƙarka ka tuna cewa kuɗin ɗinkinta ne a tayil, amma ban ga inda ka tuna da haka ba lokacin da kake cewa to. Ka ba ta haƙuri a kan wannan tukuna. Bayan nan ku tafi tare wurin Baba, kafin Asabar, a gidansa, lokacin da auta ba ya nan. Kar ka aike ta ita kaɗai ka tsaya gyaran mota a waje. Ita za ta zauna ne don mahaifinta ya ga fuskar wadda za ta koma haya da jikokinsa. Maganar taka ce.

Ba doguwa ba ce. Ka ce ka amsa ne don girmansa ba tare da ka yi lissafi ba, da ka yi sai ka ga kuɗin ba zai sama wa yara matsuguni a can ba. Ka nuna masa tayin da ke hannunka. Ka ce idan yana so shi ne a gaba da kowa, kuma za ka rage masa daidai abin da dillali zai ci, tunda wannan ne sauƙin da kake da ikon yi. Amma biya lokaci ɗaya. Biyan a hankali tsakanin suruki da suruki ba ya ƙarewa. Za ka shekara goma kana zuwa gaisuwa, kana tambayar ƙafa da hawan jini, alhali kai da shi kun san ba ƙafar ka zo tambaya ba. Wannan ya fi ɓata zumunci a kan magana ɗaya mai ɗaci.

Ko wa ya saya, Baba ko mai magani, ka sa lauya ya rubuta yarjejeniya a gaban shaidu. Takardu da makulli ba sa barin hannunka sai ranar da kuɗi suka shiga. Makullin da ke wurin auta kuma ka bar wa yayarsa. Akwai wata murya da yayye mata ke ajiyewa don ƙannensu, kai ba ka da irinta.

Ba zan yi maka alkawarin za a rabu ana dariya ba. Mai yiwuwa Baba ya ɗaure fuska, gaisuwarka ta koma samun amsa gajera na ɗan lokaci, amarya kuma ta nemi wani bangon da za ta shafa wa fentinta. Amma mutumin da ya ba ka 'yarsa ba ka da katifa, ba na jin yana son ya ga 'yar nan tana roƙon mai haya ya ƙara mata wata guda. Ka ba shi dama ya nuna hakan. Zuwa yanzu ba ka ba shi ba, domin ba ka gaya masa gaskiya ba.

Idan ya ce ka ba shi kunya, ka ce haka ne Baba, ka ba shi haƙuri har zuciyarka, sannan ka sake faɗin farashin.

Allah ya sanyaya zuciyar Baba, ya haɗa auta da gidan da ya dace da aljihunsa, ya kai ku sabon gari lafiya ku kwana a naku.

Malama