Lamba Ɗaya ta Nijar

Kurayyat, Jidda
20 ga Sha'aban, 1392

Zuwa ga ƙanena Na'ibi a Damagaram,

Bayan gaisuwa mai yawa da begen ganin fuskarka, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da jikoki. Yaya ƙafar nan taka? An ce damina ta yi muku gardama, Allah ya kawo sauƙi. Mu nan sai godiya. Ɗiyata Luba tana kula da ni, ta hana ni sukari, ni kuwa ina sha a gahawa, wato shagon shan shayi, inda ba ta gani. Abdulghani mai rubutun wasiƙu a Bab Makka shi ke riƙe da alƙalami, kamar kullum.

Na'ibi, aiki zan ba ka. Ka san shekara arba'in da bakwai ke nan da na tako daga ƙofar gidanmu har Sawakin na hau jirgin ruwa. Ban yi nisa a allo ba, balle boko, amma Allah ya ba ni kai. Duk Bahaushen da ya zauna garin nan na san shekarar zuwansa, da ayarin da ya biyo, da sunan kakansa. In mutum zai yi iƙama, takardar izinin zama, ba shi da takardar uba, ni umda ke kira, wato mai unguwarmu. Abin da na faɗa, shi yake buga wa hatimi.

To, mai gahawarmu yana da rediyo mai kamo Hausa bayan la'asar. Kwanan nan aka gama wasannin duniya a Jamus, matasa suna ta lissafin wa ya fi wa. Akwai Mahmud, haihuwar nan, akawu ne a tashar jiragen ruwa. Shi ya ce wai Nijar ƙasa ce da ba teku, ba jirgin ƙasa, ba mai ratsa ta sai wanda ya ɓata hanya, ko sunanta ba a kira a wurin. Na ce ya zauna ya ji. Shekarar da Luba ta haifi Mastura, mutum ɗaya tak muka aika Japan, ɗan dambe. Bayan shekara huɗu aka je Meksiko, su biyu, suka dawo hannu wofi. Bana kuwa wannan ɗan damben da ya je Japan shi kaɗai ya ciyo lamba, da kunnena na ji.

Mahmud ya kawo jarida, ƙasashen da suka zo kan gaba kawai aka jera, babu mu. Ya ce mini, ya ammi, wato baffa, halas, shi ke nan tsufa ya iso. Aka yi dariya. Ya ce wace irin lamba ce, na ce ta azurfa. Na kuma ce in ƙarya nake, kada a ƙara karɓar shaidata a unguwar nan.

Don Allah ka nemo jaridar can wadda ta buga labarin, ka ba alhazan bana su kawo mini. Ka gaida kowa da sunansa.

Ni ne yayanka,
Bawa

Kurayyat, Jidda
12 ga Shawwal, 1392

Zuwa ga ƙanena Na'ibi,

Bayan gaisuwa, barkanku da shan ruwa, Allah ya maimaita mana. Takardarka ta iso, na ji ka sa an nemo jaridar daga Yamai, kuma Malam Yahya malamin makarantarku zai zo da ita. Allah ya yi maka albarka. Maganin ƙafar da ka tambaya, Luba ta saya ta ajiye.

Ka tuna Usuman ɗan Mirriya da muka taho tare? Wanda na ba ka labarin ya goya ni kwana biyu a ƙasar Wadai da zazzaɓi ya kayar da ni. Ya rasu shekara uku ke nan. Ɗiyarsa Sauda mijinta ya rasu shi ma, 'ya'ya huɗu, tana dakan yaji tana sayarwa a Bab Makka. Takardunsu duka a kan sunan mijin suke. Yanzu sai an tabbatar ubanta tsohon mazaunin garin nan ne kafin a yi mata nata, kuma ba wanda ya rage da ya ga zuwansa sai ni. Na je wurin umda. Ya ba ni shayi, ya ce ai da bakina na ɗaure shaidata a gaban jama'a, mu jira alhazai. Bai yi laifi ba. Sauda kuwa yaji ma ta aiko wa Luba. Da ta zage ni da ya fi mini.

Yanzu ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Abdulghani ya ɗaga alƙalami yana kallona, na ce ya rubuta, ai ya rubuta abin da ya fi wannan a Bab Makka. Na'ibi, ranar nan na ji sunan Nijar, na ji dambe, na ji lamba. Daidai inda za a faɗi irinta rediyon ya shiga shuu, bai dawo ba sai da aka koma wani labari. Ban ji azurfa ba. Da Mahmud ya tambaye ni ana dariya, zinariya ta yi mini girma a baki, sai na kama ta tsakiya. Shekara arba'in ana tambayata a garin nan, ban taɓa cewa ban sani ba, ranar nan ma na kasa.

Ina ci ina sha lafiya, amma in na wuce rumfar Sauda ta bayan masu yadi nake bi. Ka sa ni a addu'a.

Yayanka,
Bawa

Kurayyat, Jidda
3 ga Muharram, 1393

Zuwa ga ƙanena Na'ibi,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, an yi aikin hajji lafiya, Malam Yahya zai taso jibi da wannan takarda da maganin ƙafarka da dabino. Kilishin da ka aiko, haƙori biyu gare ni amma ban ba kowa ba.

Jaridar ta iso, da hoton mutumin, siriri, hannu a naɗe. Da Faransanci take, duk gahawarmu ba mai iya karanta ta sai Malam Yahya. Ya so ya karanta mini a gida, na hana. Abdulghani ya ba ni shawara in bari in ji tukuna, wataƙila azurfar ce, shi ke nan na tsira. Na ce ko azurfar ce, ai ban ji ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar gahawa ta cika, har umda ya zo. Kafin malam ya buɗe takarda na miƙe. Na ce lamba na ji da kunnena, irinta ban ji ba, kunya ce ta sa na faɗa. Sannan malam ya karanta ya fassara: lamba ce ta tagulla, ta farko da Nijar ta taɓa samu. Japan mutum ɗaya, Meksiko biyu, duk yadda na faɗa. Na jira dariyar Mahmud. Sai ya taso ya sumbaci kaina, ya ce yalla a kawo wa ammi shayi, sukari uku. Labarin sukarin ya riga ni isa wurin Luba.

Washegari umda ya kira ni da Sauda. Ya tambayi shekarar zuwan Usuman, na faɗa, da ayarinmu, da sunan madugu, da wanda ya sauke mu. Ya tambayi sunan jirgin da ya ƙetare da mu. Na ce ban sani ba. Ya dube ni ya yi murmushi, ya buga hatimi. Na'ibi, ashe maganar nan ba ta da nauyi. Tun ranar na faɗe ta sau huɗu, ban mutu ba. Jiya ta gaban rumfar Sauda na bi, ta tsayar da ni ta nuna mini takardar, na riƙe ta a juye, ta gyara mini.

Mahmud ya sa wa hoton gilashi, an rataye shi bisa rediyo. Duk baƙon da ya tambaya, ni ke ba da amsa: ɗaya ce, ta tagulla ce, tamu ce.

Ka gaida mutanen gida, babba da yaro. Allah ya sada mu da alheri.

Ni ne yayanka mai begenka,
Bawa