Ɗan Ingilan da ba ya shan shayi

Anti Edna, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle, kuma duk wanda zan faɗa wa a gidanmu dariya zai yi mini.

Tun bara da samarin Ingila suka cika mana rediyo, 'yan matan garinmu Dayton na nan Amurka suka haukace, ni ma ban fi su hankali ba. A gidan rawa na haɗu da Clive, shi ke kaɗa ganga a wata ƙungiya ta mutum huɗu. A fastarsu an rubuta wai daga Liverpool suka sauka, wai suna cikin manyan da suka ci Amurka da waƙa. Muka shaƙu. Yanzu ya ba ni zobe, ya ce in ajiye aikina a ofishin tarho in bi shi ƙasarsu kafin sanyi ya shigo.

Yayata Darlene ce ta fara dagula mini lissafi. Ta ce, "Ke dai akwai wauta! In yana cikinsu, me ya hana mu gan shi a talabijin ranar Lahadi? Su waɗancan, 'yan sanda ne ke kare su daga 'yan mata. Naki kuwa a bayan motar burodi yake yawo da gangunansa." Ta ƙara da cewa wai an taɓa kama wasu yaran ƙauye suna murɗa harshe su zama 'yan Ingila. Na ce hassada ce, amma maganar ta zauna mini.

Sai na fara lura. Rannan bakinsa ya suɓuce ya ce, "Mu a Wigan", na ce ina ne kuma Wigan, ya sosa ƙeya ya canja magana. Manajansu, wani mai ƙyallin kwat, ba ya bari su yi hira da kowa sai yana tsaye a kansu. Ban yarda da idon mutumin nan ba ko kaɗan.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne ranar Asabar. Mama ta ce ya zo gida, ya ce, "To Mama, zan zo shayi." Ta aro kofunan tangaran wurin maƙwabciya, ta jera biskit tun ƙarfe huɗu. Bai zo ba sai da yamma lis, yana shafa ciki yana leƙen kicin, wai me aka dafa? Da aka miƙa masa shayin ya ce shi kofi ya fi so. Darlene ta kalle ni ta taɓe baki. Anti, akwai ɗan Ingilan da ba ya shan shayi? Ina son sa, wallahi ina son sa, amma tsoro nake ji in bar aikina in bi maƙaryaci. In mayar masa da zobensa?

Mai Kokwanto, Dayton

'Yata Mai Kokwanto,

Kin kawo ƙara inda ya dace, don ni ma a Lancashire aka haife ni, yankin Ingila da Wigan take, auren soja ya kawo ni nan bayan yaƙin duniya. Na yi dariya da labarin kofunan mamarku. A wajenmu, gidajen leburori, abincin yamma shi ake kira shayi, ko da dankali da tsiran alade ne ba ruwan zafi a kusa. Yaron nan tuwon darensa ya zo ci. Da mai kwaikwayo ne, da ya zo ƙarfe huɗu cif ya ɗaga kofi da yanga. Hujjar da kika fi dogara da ita, ita ce ta wanke shi: ɗan ƙasarmu ne.

Amma kada ki yi saurin murna, yayarki ma tana da gaskiya. Wigan ba Liverpool ba ce, garin masaƙa ne da ma'adinin kwal, kuma a bana duk yaron da ke da gita a yankin cewa yake shi ɗan Liverpool ne. Waɗanda guguwar waƙar nan ta ɗaukaka, waƙarsu ce ta riga su isowa, kin ji ta kafin ki ga fuskarsu. Clive bayanta ya biyo yana neman abinci. Wannan ba abin kunya ba ne. Ɓoye miki shi bayan ya ba ki zobe, shi ne ban so ba, ko da manaja ne ya kitsa.

Kada ki ajiye aikinki tukuna. Ki same shi inda mai kwat ɗin nan ba ya nan, ki ce masa kin san a ƙasarsu ba masoyan da ke yi masa ihu, ya ba ki labarin unguwarsu da sana'ar babansa. In ya saki jiki ya faɗa, akwai magana. In ya nace shi tauraro ne, miƙa masa zobensa.

Ke ma kuma ina da shakka a kanki. Idan ya ce gidan haya ne mai banɗaki a bayan gida, kuma masaƙa zai koma, za ki bi shi? Ki amsa wa kanki wannan kafin ki tsare shi da tambaya, don kada ya faɗi gaskiya ya ga fuskarki ta canja. Allah ya zaɓa miki alheri.

Anti Edna