Babur ɗin Babanki Ya Dawo Hannuna

Zuwa ga Autata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da abokan karatunki. Allah ya ƙara miki lafiya da basira, ya haɗa ki da mutanen kirki a inda kike, ya dawo mana da ke lafiya. Mu nan ƙalau muke. Yayarki ta warware daga zazzaɓin da na gaya miki, 'yarta kuma ta fara haƙori, duk wanda ya ɗauke ta sai ya sha cizo. Kawunki ya zo ya gyara mana rufin kicin, yanzu sai a yi ruwa a gama ban tara bokiti ko ɗaya ba.

Na zaɓi in rubuto miki ne maimakon waya, domin duk lokacin da kika kira, Babanki yana kusa da ni, maganar kuwa ba ta gabansa ba ce. Ki karanta a tsanake, kada ki tayar da hankalinki.

Kin san tun da ya ajiye tuƙin bas zaman gida bai karɓe shi ba. Mutumin da ya shekara talatin da ɗaya yana riga kowa fita, sai ga shi yana bin inuwa da kujera. Ni kuma kin san wahalar da nake sha kafin in isa makarantar da nake koyarwa, mota biyu nake hawa, wani lokaci in tarar har yara sun shiga aji. Shi ne ya ce zai sayi ƙaramin babur, irin marar giya ɗin nan mai faɗin wurin ajiye ƙafa, ya riƙa kai ni da safe yana ɗauko ni da rana. Da ma abin da ya samu na sallama daga wurin aiki yana nan bai taɓa ba. Muka tafi shagon tare. Da kin ga Babanki ranar, da kin yi dariya. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, ya matsa birki, ya sa aka tayar da inji ya kara kunne kamar likita, har mai shagon ya gaji ya koma ya zauna. Ni abu ɗaya aka bar mini, zaɓen launi. Na zaɓi shuɗi.

Kin san halinsa da doka. Ya ce ko ƙofar gida babur ɗin ba zai fita ba sai takardu sun cika. Muka yi kwana uku muna zirga-zirga, daga tagar rasit zuwa ta inshora, daga nan zuwa ta lamba, kowace taga da layinta. Da aka ba shi lambar, da hannunsa ya ɗaura ta, ya goge da gefen rigarsa. Saura lasisi, domin nasa na mota ya ƙare, kuma na babur daban ne. A ofishin, kafin komai sai an gwada ido. Wata ma'aikaciya mai sanyin hali ta zaunar da shi gaban na'ura, ya karanta haruffan tsakiya tsaf. Sai ta ce ya ci gaba da kallon gaba, ya ɗaga hannu duk lokacin da ya ga ƙaramar wuta ta haska a gefe. Ina tsaye a bayansa, ina ganin wutar tana haskawa a dama, tana haskawa a hagu, hannun Babanki yana kan gwiwarsa. Ta sake, ta kuma sakewa. Daga ƙarshe ta rage murya yadda mutanen layi ba za su ji ba, ta ce ba za ta iya sa hannu ba, ya je asibitin ido a makon nan, kada ya jinkirta.

Bai yi mata gardama ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Ya yi godiya, ya ninke takardarsa, muka fito. A hanya ne ya gaya mini cewa ya fi shekara biyu da sanin gefen idonsa yana rufewa, kuma dalilin da ya sa ya ajiye bas ke nan, ba ciwon baya ba kamar yadda ya faɗa mana. Wata rana wata mata ta fito daga gefen titi bai gan ta ba sai da ta zo gaban gilashi, Allah ya kiyaye, washegari ya miƙa makulli. Ya ɗauka babur ƙarami ne, a hankali zai riƙa tafiya, zai iya. Sai na tuna kofunan da yake ta turewa a kan tebur ina yi masa faɗa, da yadda yake bugun ƙofar banɗaki da kafaɗa. Kunya ta kama ni, Auta. Gida ɗaya muke kwana muke tashi, ban lura ba.

Likita ya ce hawan jinin ido ne. Abin da ya tafi ba zai dawo ba, amma idan ya riƙe maganin ɗigawa safe da yamma, yana zuwa ana duba shi, ana sa ran abin da ya rage zai daɗe. Yana ganin abin da ke gabansa sosai, yana karatu, yana gane mutane. Gefe ne babu.

Babur ya yi mako biyu a tsakar gida an lulluɓe shi da tsohon zanen gado. Babanki ya daina cin abinci sosai, ko rediyo ba ya kunnawa. Kawunki ya kawo shawarar a mayar wa mai shago, Babanki ya ce to, amma kullum da safe sai na gan shi ya ɗaga zanen ya goge madubi. Rannan ina wanke-wanke na ji bakina ya ce masa, tun da ya koya wa mutum ya fi ashirin tuƙi, me zai hana ya koya mini? Ya ce mace mai shekara hamsin da biyu, wadda ko keke rabonta da shi tun tana 'yar makaranta? Na ce ai ban manta ba. Da yamma sai ga shi ya dawo daga kasuwa da hular kwano guda biyu.

A filin ƙwallon bayan makarantarmu muka fara, bayan an tashi. Ranar farko na murɗa totur maimakon in matsa birki, sai cikin shingen furannin da ke gaban ofishin shugabar makaranta. Na goge gwiwa, madubin hagu ya karye, na zauna a ƙasa ina hawaye, na ce na fasa. Ya lalubo hannuna ya tashe ni, ya kakkaɓe mini mayafi, ya nuna mini yadda zan cusa bakinsa cikin riga kada taya ta kama, ya ce in sake hawa yanzu-yanzu kafin tsoro ya zauna. Malami ne mai tsanani, ban taɓa sani ba. Madubi, sigina, sannan a juya, haka yake ta maimaitawa har na fara ji a mafarki. Ya ce a duk waɗanda ya koya wa, ni kaɗai ce ke mayar masa da magana. Maƙwabta sun yi surutunsu, wasu da dariya, wasu da tausayi, amma ni na ga mutum ya koma cin abinci har yana neman ƙari, sai na toshe kunnena.

Na ci gwajin ido da na rubutu. Gwajin tuƙi kuwa na faɗi a karon farko, domin na sauke ƙafa a tsakiyar robobin da ake zagayawa. A karo na biyu na wuce. Babanki yana tsaye a bayan shingen waya, yana juya kansa gaba ɗaya don ya bi ni da ido. Da aka miƙo mini katin, shi ya fara karɓa, ya karanta daga sama har ƙasa, ya ce hoton bai yi kyau ba, ya sa a aljihunsa. Sai da muka isa gida na ƙwace.

Wata Talata a watan jiya na fara ɗaukarsa, zuwa asibitin ido. Tun daga ƙofar gida yake ba da umarni, ga rami, bar mai lodi ya wuce, kin matse gefe da yawa. Da muka tsallake shataletale muka hau doguwar hanyar nan mai itatuwa, sai umarnin ya tsaya. Can ya taɓa kafaɗata ya ce in rage gudu. Na ɗauka tsoro ya ji, na tsaya a gefe. Ya cire hular, yana ta waige-waige a hankali, sama da ƙasa. Sai ya ce, “Shekara talatin ina bin hanyar nan sau takwas a rana, ban taɓa sanin itatuwan nan suna fure ba. Kwalta kawai nake kallo. Ki bi da ni a hankali, ina so in ga abin da zan iya gani.” Muka makara, likita ya yi mana faɗa, ko a jikinmu.

Yanzu duk ranar da babu makaranta sai mun fita, shi ke zaɓen hanya. Ga roƙona gare ki. Idan kin kira, kada ki yi masa muryar tausayi, ba ya so, kuma bai san na gaya miki ba. Ki tambaye shi yadda ɗalibarsa take, za ki sha labari. Sannan hutun nan mai zuwa, na san kin yi niyyar zama ki yi aiki, amma ki daure ki zo ko na mako guda ne. Bai faɗa da bakinsa ba, ba zai kuma faɗa ba, amma yana so ya zauna ya kalle ki sosai.

Yayarki da mijinta suna gaishe ki, haka Kawunki da iyalinsa, da Gwaggonki da ke tambayarki kullum. Ki gaishe mini da mai ɗakin da kike haya, ki yi mata godiyar kula da ke. Ki sanar da ni ranar da motarki za ta iso, ni zan zo tasha in ɗauke ki, sai dai ki rage kaya.

Allah ya yi miki albarka.

Taki har kullum,
Mamanki