Sautin da Na Sa Aka Gyara

Litinin, 2 ga Yuni

"Babanki yana kiɗa har yanzu, ko?" Shelby ce, shugabata, ta leƙo ofishina da kofin gahawa a hannu, ko gaisuwa babu. Na ce yana yi, duk Asabar a zauren tsofaffin sojoji na garin Dickson. Mutum ashirin ke zuwa, rabinsu da na'urar ji a kunne.

"Madalla. Tanner yana son tsoho."

Haka ta faɗa. Kamar mai neman tsohuwar kujera don ƙawata falo.

Tanner Boyle shi ne mawaƙin da kamfaninmu na faifan waƙa ke ci da shi a bana. Shekararsa ashirin da shida, da hular kaboyi, doki kuwa sai a gaban kyamara. Ni nake duba rubutun waƙoƙinsa kafin a ɗauka. Cikin goma sha ɗaya na sabon faifai, tara akwai a-kori-kura, bakwai akwai giya mai sanyi, dukansu akwai yarinya mai wandon jins. Digiri biyu a adabi, ga inda suka kawo ni. Ta goma sha biyu a kan kakansa ce da ya rasu, kuma a cikinta yake son a ji gitar kwance mai ƙafafu, irin ta kiɗan kantiri na da, wato kiɗan karkarar Amurka.

Alhamis, 5 ga Yuni

Na kira Baba, na ce Tanner yana son ya kaɗa masa a faifai.

"Farfesa," ya ce. Tun da na tafi jami'a sunana ke nan. "Yaron nan da ake yi wa kiɗa da injin wanki?"

"Gangar kwamfuta ce, Baba."

"Ai shi na faɗa."

Can sai ya ce, "Wace rana?"

Shekara goma sha huɗu rabon da wani ya kira mahaifina, Virgil Tackett, situdiyo a birnin Nashville.

Lahadi, 8 ga Yuni

Bayan coci na ci abinci a wurinsa. Wake, burodin masara, shayi mai ƙanƙara. Sai huɗubar da na haddace tun ina ƙarama: kiɗan kantiri ya mutu, a zamaninsu makaɗa shida ake zubawa a ɗaki ɗaya, wanda ya yi kuskure kowa ya ji, kuma a bar shi a faifai. Waƙa tana da labari, a baiti na uku wani ya mutu ko ya tafi. Na ce shi ya sa duk wanda ya saurara sai ya nemi giya, su Tanner sun taƙaita hanya ne kawai. Ya yi dariya.

Da ya ɗaga kofin shayin, ƙanƙarar ta yi ta ƙara a jikin gilashi. Ya sa ɗaya hannun ya tallafe, yana duban taga. Hannun hagu ne, wanda yake riƙe ƙarfen da ake gogawa a kan tsirkiya.

Na ci gaba da cin wakena. Shi ma.

Laraba, 11 ga Yuni

An yi.

Tanner da kansa ya fito ya ɗauki akwatin gitar, ya cire hula, "Baba Virgil, ranka ya daɗe." Na so in ga ƙarya a ciki, ban samu ba. Baba ya zauna ya ɗaura wa gitar ƙafafunta huɗu ɗaya bayan ɗaya, ya jera matakan ƙasa da ake dannawa da ƙafa, ba gaggawa. Mai hoto ta yi ta zagaya shi.

Dustin, injiniyan sauti, ya shigar da shi ƙaramin ɗaki shi kaɗai, ya sa masa abin ji a kunne. Baba ya duba hagu, ya duba dama.

"Ina sauran makaɗan?"

Dustin ya nuna kwamfuta. "Suna cikin nan."

"Allah ya jiƙansu."

Kafin a fara aka janye Tanner zuwa hira da gidan rediyo. Baba ya kaɗa sau biyu, Dustin ya zaɓi na farko. Baiti na ɗaya da na biyu lafiya lau. A na uku, inda jikan ya tarar da takalman kakansa a bakin ƙofa, akwai sauti mai tsawo guda ɗaya. Baba ya fara shi a ƙasa da inda ya kamata, ya makara, ya ja shi yana karkarwa kafin ya kai. Ƙanƙarar nan ta ranar Lahadi kawai nake ji.

Da Baba ya fita kai kaya mota, na sunkuya wurin Dustin na ce ko za a iya miƙar da wurin. Ya nuna mini a allo: layi ne ya lanƙwashe kamar ƙugiya. Ya ce, "Kin tabbata?" Na ce mahaifina ne. Ya ja layin ya miƙe, ko minti ɗaya bai ɗauka ba. Na roƙe shi kada kowa ya ji.

A mota Baba yana ta fito. Ya ce yaron yana da ladabi, saura ya koyi waƙa. Ni kuma ina tuƙi ina jin kaina 'yar kirki.

Juma'a, 13 ga Yuni

Shelby tana son hoton hannuwan Baba a bayan faifan. Hannuwan kawai.

Lahadi, 29 ga Yuni

Na kai masa waƙar da aka gama haɗawa. Na sa masa a kicin, ya saurara kansa a sunkuye, tafin hannunsa a kan tebur. Da ta ƙare ya ce in mayar da baiti na uku. Na mayar.

"Wannan ba ni ba ne."

"Kai ne mana, Baba."

"Sun gyara."

Na ce ai kowa ana gyara masa yanzu, shi kansa Tanner rabin muryarsa kwamfuta ce. Ya girgiza kai.

"Sauran wuraren ba su taɓa ba, na ji. Nan kaɗai. Yaron nan injiniya ya san aikinsa, ba zai taɓa abin da ya fita daidai ba." Ya juya hannunsa na hagu yana dubawa. "Na ɗauka na san abin da na kaɗa. Ashe ba hannun kaɗai ba ne, har kunnen."

Nan ne ya kamata in buɗe baki. Na tashi na wanke kwanuka. Kwano biyu da cokali biyu, na ɗauki kusan rabin awa.

Laraba, 2 ga Yuli

Zafi. Taro a kan wace hula Tanner zai sa a bidiyo. Baƙa ta yi nasara.

Litinin, 7 ga Yuli

Odell ya kira ni, mai goge a ƙungiyar su Baba. Bai taɓa kirana ba.

"Lorna, 'yata, me ya samu tsohon nan? Asabar bai zo ba. Rabon da ya fasa tun satin da aka binne mamanki."

Na ce wataƙila zafi ne.

"Zafi ne ya sa ya ce in nemo masa mai sayen gitar?"

Gitar nan ta girme ni da shekara uku. Ina 'yar sakandare na tsani kukanta, ta bango take shigo mini ɗaki ina karatu, sai in tura tawul ƙarƙashin ƙofa. Na sha faɗa wa ƙawayen jami'a cewa kiɗan mutanen da ke jin daɗin baƙin cikinsu ne. Suna dariya. Jimlar ta yi kyau, shi ya sa na yi ta maimaita ta.

Alhamis, 10 ga Yuli

Na ce Dustin ya buɗe mini ainihin abin da Baba ya kaɗa, gitar kaɗai, ba ganga ba murya. Niyyata in ji yadda kuskuren ya kai, in san irin ƙaryar da zan shirya.

Na saurara sau huɗu. A na uku na lura karkarwar ba irin ta kofi ba ce. A jere take, tana farawa a hankali, tana faɗaɗa, ta tsaya cak inda sautin ya isa. Ɗauka ta biyu da ba a zaɓa ba, na ce a sa. Iri ɗaya sak. Hannu mai rawa ba ya maimaita rawarsa.

Tanner ya shigo neman tabaransa, ya tsaya.

"Wannan fa? Me ya sa ba ya cikin faifan?"

Dustin ya dubi allo.

"Ai abin da na kira shi ya yi ke nan," in ji Tanner. "Daga ƙasa ake taso masa, a ɗan makara, kamar mutum zai yi magana wuya ya shaƙe. Kakana yakan tsayar da mota a gefen titi idan aka zo irin wurin nan a rediyo. Wa ya miƙar da shi?"

Yaro mai waƙar a-kori-kura tara ya gane. Ni kuma da na girma a gidan, ban gane ba.

Na ce, "Ni ce."

Bai zage ni ba, da ya fi sauƙi. Ya ce, "Oh," ya ɗauki tabaransa.

Shelby ta ce faifai ya riga ya tafi wurin bugawa. Ta ƙara da cewa kada in damu, ƙawata, wanda za a kai rediyo ma an cire gitar gaba ɗaya, masu sauraren gwaji sun ce tana tuna musu da asibiti da kakanni. Tanner ya ce zai yi magana da manyan kamfani. Za mu gani. Ba wannan ne ya hana ni cin abincin rana ba.

Lahadi, 13 ga Yuli

Akwatin gitar yana bakin ƙofar falo, a rufe, da ƙafafun a ɗaure cikin jakarsu. Baba yana kicin yana yanka tumatir.

Ban yarda na zauna ba, don na san in na zauna zan koma maganar zafi da ruwan sama. Na ajiye waya a tebur na sa masa gitar kaɗai. Ya dakata da wuƙar. Da sautin ya wuce na ce abin da ya kaɗa ke nan, Dustin bai ji wani kuskure ba, ni na ce a miƙar.

"Ke?"

"Ni."

"Shekara goma sha takwas kina kwana bango ɗaya da wannan sautin."

"Da tawul a ƙarƙashin ƙofa."

"Na sani. Mamanki ta yi ta neman tawul ɗin nan." Bai yi murmushi ba. "Kin ga hannun, ko? Ran shayi."

Na ce na gani.

"Da kin tambaye ni. Da kofi yake rawa. In na ɗora shi kan ƙarfe sai ya natsu, likita ma ya ce haka abin yake wani lokaci. Sati biyu ina zaune nan ina cewa ƙarya nake yi wa kaina."

Na ba shi haƙuri. Kalmomin sun fito a bushe, ni da nake gyara wa mutane kalmomi.

"Sake sawa."

Na sake. Ya rufe ido, hannun hagunsa yana tafiya a kan tebur, daga ƙasa, a hankali.

"Daidai yake," ya ce.

Bai ce ya yafe ba. Ya zuba mini tumatir a jakar takarda, ya zaɓo manyan. Ya ce, "Je ki, Farfesa, ina da aiki. Ki kira Odell ki ce ya daina yawo da sunana a gari."

Ina saka tumatir a kujerar baya na ji an buɗe maƙullan akwati, ɗaya, biyu. Na san tsawon lokacin da ɗaura ƙafafu huɗu ke ɗauka, don haka na tsaya duba tayar gaba, kamar iskarta ta ragu. Ba ta ragu ba. Na duba ta baya ma.

Ya fara da daidaita tsirkiya, sannan ya shiga wata tsohuwar waƙa da ban taɓa sanin na san ta ba. Na tsaya har baiti na uku, don dai in tabbatar da hannun.

Na shiga mota, na jawo ƙofar a hankali don kada ƙarar ta faɗa masa cikin kiɗa, na tafi.