Awa Ashirin da Ɗaya

Laraba, 14 ga wata, ƙarfe 2:40 na rana, ɗakin baya na shago

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da yara, kuma ƙafar Umma ta yi sauƙi. Ni jikina ƙalau, hankalina ne ba a kwance ba.

Wani tsoho mai zanen hotuna ya kawo mana aikinsa. Ranar Litinin ƙarfe goma na safe muka buga masa hotuna takwas a takarda mai kauri, ya sa hannu a ƙasan kowanne da fensir. Da yamma ɓarin jikinsa na dama ya shanye. 'Yarsa ta roƙi a lulluɓe hotunan da leda don kada sa hannun ya goge.

A makaranta an koya mana a bar tawada ta sha iska aƙalla awa ashirin da huɗu kafin a sa leda. Maigida, mai shagon namu, ya ce in yi aikin jiya ƙarfe bakwai na safe, kafin a ɗauke wuta. Na ce awa ashirin da ɗaya ke nan. Ya yi dariya, wai 'yar digiri ta zo koya wa kifi iyo. Yaya, da hannuna na tura su cikin injin sa leda.

Yau uku sun fito da ɗigo-ɗigo kamar azurfa a wuraren baƙi. In gam ɗin ledar ne bai gama kwanciya ba, kwana biyu zai ɓace. In tawada ce ke fitar da tururi, kumfa zai zama. Ledar kuma ba ta ɓaruwa sai da hoton. Ana iya sake bugawa, amma wa zai sa hannu?

Maigida ya ce in ja bakina in yi shiru. Ƙarfe 1:15 na kira 'yar tsohon, na faɗa mata komai, har awannin. Ta ce, “Kada ki sake taɓa su. Zan gaya wa Baba da kaina.”

Ga abin da ban sani ba har yanzu:

1. Ko gam ne, ko tawada.
2. Ko sauran biyar ɗin za su bi sahu.
3. Ko maigida ya ji na yi waya.
4. Ko tsohon yana gane magana in an yi masa.

Ki gaishe da Umma, amma kada ki karanta mata wannan.

Ƙanwarki,
Auta