Burodin da Kaka Ke Ci

Yaya Marnie,

Ya garin Burnie, ya sanyi, ya yara da sarkin surutu mijinki? Ni lafiya lau nake a garin Newman, ɗakunan mahaƙa ma'adinai dai nake ta sharewa. Bayana na ɗan ciwo, amma kar Mama ta ji.

Na ga saƙonki, wai kwana uku Kaka na ture abinci. Tun lokacin hankalina bai kwanta ba. Yaya, ba rigima take ba, gashin burodinki ne bai yi ba! Ki ajiye injin gasa burodin nan, ki ɗauko baƙin kaskonta. Ki shafa wa burodin bota ta waje, cuku a tsakiya, ki danne da gindin butar shayi, yadda take mana in mun dawo makaranta a jiƙe. Ki bar gefe ɗaya ya ƙone, ki kankare da wuƙa a gabanta. Ko ranar da ta manta sunana, ƙarar wuƙar nan tana ganewa.

Jiya na gasa a nan, na kasa haɗiyewa. Hutuna sai nan da mako biyar.

In ta tambaya, ki ce ni na gasa, ina kicin. Don Allah ki gaya min ko ta ci.

Ƙanwarki,
Tegan